Yadda kwamfuta ta koyi rabon layi

A yawancin gidajenmu na Difa kwamfuta ɗaya ce tak, ita ce wayar hannun maigida ko ta uwargida, Tecno ko itel, wadda kowa ke ara. Yaro na sauke darasi, saƙon murya na shigowa ta WhatsApp, agogo na tafiya, sai ga kira ya faɗo daga Maine Soroa. Ƙwaƙwalwar irin wannan waya tana da sassa huɗu ko takwas, kowane sashe aiki ɗaya yake iya yi a lokaci guda, ayyukan da ke jiranta kuwa sun fi ɗari. Dole a sami mai cewa wane ya shiga, wane ya dakata. Mai yanke wannan hukunci ita ce babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da sauran manhajoji, kamar Android da Windows da Linux.

Mu malamai mun saba cewa ba za mu iya koya wa yara ilimin kwamfuta ba tunda babu na'urori a makarantunmu. Iyaye ma sun karɓi zancen haka. Tarihin babbar manhaja ya saɓa wa wannan tunani, domin ƙarancin na'ura ne ya haife ta, kuma mafi yawan dabarunta a makarantu aka ƙirƙiro su, a hannun malaman da ke da ɗalibai da yawa da inji ɗaya.

Lokacin da babu mai rabo

Kwamfutocin farko ba su da babbar manhaja ko kaɗan. ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946, nauyinta ya kusa tan 30, kuma tana da ƙwayaye irin na tsohuwar rediyo sama da 17,000. Mata shida ne suka fara tsara mata aiki, ta hanyar sauya wayoyi da murɗa makunnai da hannu. Sauya ta daga wani lissafi zuwa wani yakan ci kwanaki.

A shekarun 1950 aka koma rubuta umarni a kan kati mai huji. Kati ɗaya layi ɗaya ne na umarni, mai gurbin harafi 80. Mai bincike zai rubuta sunansa a takarda ya kama awa ɗaya, ya shiga ɗakin injin shi kaɗai. Idan ya yi kuskure tun a minti na biyar, sauran lokacin yakan tafi a tunani, injin da aka kashe maƙudan kuɗi a kansa yana zaune.

A 1956 injiniyoyin kamfanonin General Motors da North American Aviation suka rubuta wata ƙaramar manhaja don kwamfutar IBM 704, wadda ake lissafawa cikin manyan manhajoji na farko. Aikinta ɗaya ne: da zarar wannan aiki ya ƙare, ta ɗauko na gaba ba tare da jiran mutum ba. Sai aka riƙa tara katunan mutane da yawa a zuba su a jere. Injin ya huta da zaman banza, amma wahalar ta koma kan mutane. Ka miƙa katunanka da safe, ka dawo da yamma ko washegari, ka tarar waƙafi ɗaya da ka manta ya ɓata aikin gaba ɗaya.

Ƙa'idar wannan zamani ita ce ta layin injin niƙa: wanda ya riga zuwa shi ake fara yi wa. Kowa ya san aibinta. Yarinyar da aka aiko da tiya ɗaya ta gero sai ta tsaya bayan mai buhu biyu, a gida kuma ana jiran tuwo.

Tukunya na kan wuta, hannu na kan turmi

Injiniyoyi sun kuma lura da wata ɓarna. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta fi injin karanta kati da injin buga takarda sauri nesa ba kusa ba. Duk lokacin da aiki ya tsaya jiran kati ko faifai, ƙwaƙwalwar ba ta yin komai. Maganin da suka samo shi ne abin da kowace mace mai girki ta sani: ba a tsayawa ana kallon tukunya sai ta tafasa, ana ɗora ta ne a koma kan daka. Sai aka riƙa loda ayyuka da yawa a ma'adanar injin lokaci guda, idan wannan ya tsaya jira a ba wancan. Kwamfutar Atlas da aka ƙaddamar a Jami'ar Manchesta ta Ingila a 1962, ƙarƙashin jagorancin Tom Kilburn, tana cikin waɗanda suka fara yin haka da kyau.

Wannan dabara ta zo da sabbin nauye-nauye. Kafin a janye aiki daga ƙwaƙwalwa sai an rubuta inda ya tsaya da lambobin da ke hannunsa, don idan layinsa ya dawo ya ɗora daga nan. Sannan sai an kange wa kowane aiki gurbinsa a ma'adana, kada ya yi rubutu a kan na maƙwabcinsa. Daga nan babbar manhaja ta zama mai riƙe rajista, kuma mai tsaron iyaka.

Karɓa-karɓa

A farkon 1959, John McCarthy na cibiyar fasaha ta MIT a Amurka ya rubuta wa hukumar cibiyar takarda yana ba da shawarar a bar mutane da yawa su yi aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kowa da na'urar buga rubutunsa. A shekarar ce kuma wani Bature ɗan Ingila, Christopher Strachey, ya gabatar da makamancin wannan tunani a taron UNESCO a Paris. Wanda ya mai da zancen aiki shi ne Fernando Corbató, wanda shi da abokan aikinsa suka gwada tsarinsu mai suna CTSS a MIT a watan Nuwamba na 1961. Bayan ƴan shekaru mutum kusan 30 na iya aiki a kan inji ɗaya.

Sirrin abin wani agogo ne a cikin injin. Ana ba aiki ɗan guntun lokaci, ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Da lokacin ya cika sai agogon ya katse shi, babbar manhaja ta karɓe ƙwaƙwalwa ta miƙa wa na gaba, shi kuma ya koma ƙarshen layi. Saboda saurin zagayen, kowane mutum yana ganin kamar injin nasa ne shi kaɗai. Tsawon guntun lokacin shi ne wurin gwaninta. In ya yi tsawo, an koma layin injin niƙa. In ya yi gajarta sosai, lokacin zai ƙare a sauke wannan da ɗora wancan, kamar malamin da ke sauya darasi kowane minti biyu, rabin awarsa ta tafi a shafe allo.

Corbató ya ƙara wata hikima da ya bayyana a 1962. Maimakon layi ɗaya sai ya yi layuka hawa-hawa. Ƙaramin aiki yana farawa a layin sama, inda ake saurin kiran mutum amma rabon gajere ne. Aikin da ya cinye rabonsa bai gama ba sai a sauke shi layin ƙasa, inda rabon ya fi tsawo amma sai na sama sun sarara. Ta haka injin ke gane mai tiya da mai buhu ba tare da ya tambaye su ba. A CTSS ɗin ne kuma aka fara amfani da kalmar sirri don kada wani ya buɗe takardun wani.

Kwalejin da ta buɗe wa kowa ƙofa

A Kwalejin Dartmouth da ke arewa maso gabashin Amurka, malaman lissafi biyu, John Kemeny da Thomas Kurtz, sun yanke shawarar cewa kowane ɗalibi ya kamata ya taɓa kwamfuta, har mai karatun tarihi ko adabi. Kemeny ɗan gudun hijira ne, danginsa Yahudawa ne da suka baro Hangari a 1940 yana ɗan yaro, daga baya ya zama mai taya Albert Einstein lissafi. Malaman da ke koyarwa a Sayam Forage, ko a azuzuwan da suka cika da yaran da rikici ya taso daga bakin Komadugu tun 2015, suna iya ba ɗalibansu wannan labari.

Ɗaliban kwalejin ne da kansu suka rubuta mafi yawan manhajar karɓa-karɓar, malaman biyu kuma suka tsara sabon harshen ba kwamfuta umarni mai suna BASIC. Ranar 1 ga Mayu 1964, da asuba, tsarin ya fara aiki. Kafin ƙarshen shekarun 1960 an jona makarantun sakandare na yankin da injin ta wayar tarho. Ga irin abin da ɗalibi ke rubutawa:

10 FOR I = 1 TO 5
20 PRINT I * I
30 NEXT I
40 END

Layin farko yana cewa a buɗe mazubi mai suna I, a zuba masa 1, a riƙa ƙarawa har 5. Na biyu yana cewa a ninka abin da ke cikin mazubin da kansa a rubuta. Na uku yana mai da mu sama. Amsa ita ce 1, 4, 9, 16, 25. A 1966 wasu masana biyu a Italiya, Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini, suka tabbatar da cewa duk wata manhaja ana iya gina ta da abu uku kawai: jera umarni ɗaya bayan ɗaya, zaɓi bisa sharaɗi, da maimaitawa. Manomin tattasai da ya ce wa ɗansa ya buɗe wa fangali ruwa, in ya cika ya toshe ya koma na gaba, ya yi ta yi har ƙarshen gona, ya yi amfani da ukun duka.

Cirko-cirko

Da ayyuka suka fara raba kaya ɗaya sai wata cuta ta ɓullo. A ce makiyaya biyu sun iso rijiya, ga guga ɗaya da igiya ɗaya. Wannan ya damƙe guga yana jiran igiya, wancan ya damƙe igiya yana jiran guga, kowa ya ƙi saki. Babu wanda ya yi faɗa, amma dabbobi za su kwana da ƙishirwa. Haka ayyuka biyu ke yi a cikin kwamfuta idan ɗaya ya riƙe faifai yana jiran injin buga takarda, ɗayan ya riƙe injin yana jiran faifai.

Edsger Dijkstra, malami a Eindhoven ta ƙasar Holan, shi ya fi kowa nazarin wannan matsala. A 1965 ya ba ɗalibansa ita a jarrabawa, da misalin kwamfutoci biyar masu rububin na'urorin faifai. Ya kuma ƙirƙiro wata alama da ya aro sunanta daga alamar hanyar jirgin ƙasa: kafin aiki ya taɓa kayan tarayya sai ya duba alamar, in a rufe take ya jira, in ya gama ya buɗe wa na baya. Ɗaya daga cikin magungunan cirko-cirko da aka fi amfani da su har yau mai sauƙi ne ƙwarai: a kafa doka cewa kowa igiya zai fara ɗauka kafin guga. Wanda bai sami igiya ba ba zai taɓa guga ba, don haka wanda ya sami igiyar zai sami gugan.

Fifiko da iyakarsa

Wasu ayyuka ba sa jira. Ranar 20 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 na sauka a kan wata ɗauke da Neil Armstrong da Buzz Aldrin, sai kwamfutarsa ta fara nuna gargaɗi mai lamba 1202 da 1201. Wata na'urar rada ce ke cika ta da buƙatun da ba su da amfani a lokacin, suna cinye mata wani kaso na lokacinta. Ma'adanar da take rubutu a kai gurbi 2,048 ne kacal. Amma Hal Laning na MIT ya gina babbar manhajarta a kan fifiko, kuma rukunin da Margaret Hamilton ta jagoranta ya tsara yadda za ta farfaɗo idan kaya ya yi mata yawa. Sai ta zubar da ƙananan ayyuka, ta riƙe tuƙi da lissafin sauka. Kumbon ya sauka lafiya.

Fifiko ma yana da tarkonsa. A watan Yuli 1997 na'urar Pathfinder ta sauka a duniyar Mars, bayan ƴan kwanaki ta fara kashe kanta tana sake tashi. Da aka bincika sai aka gano wani ƙaramin aiki na auna yanayi yakan riƙe makullin wani kayan tarayya. Kafin ya saki sai matsakaitan ayyuka su ture shi gefe, babban aikin da ke buƙatar makullin kuma ya yi ta jira har injin ya zaci ya lalace. Daga doron ƙasa injiniyoyi suka aika gyara: duk ƙaramin da ke riƙe da abin da babba ke jira, a ara masa matsayin babban har ya gama ya saki.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan yawan faruwa. Idan manya ba sa yankewa, ƙarami ba zai taɓa shiga ba. Maganin da aka samo shi ne a riƙa ɗaga darajar aiki gwargwadon daɗewarsa a layi, har ya kai inda ba mai ture shi.

Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin wannan iyaka. A rijiyoyin makiyaya na arewacin Gudumariya da Ngigmi, wanda ya haƙa rijiya shi ke fara shayarwa, amma al'ada ba ta yarda ya hana baƙon da ya iso da garke ba, sai dai a yi shawara a kan kwana nawa da gwafa nawa. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince wa makiyaya da haƙƙin fifiko a yankin da suke zaune, ba tare da ba su ikon rufe wa wasu hanya ba. Ruwan Komadugu ma haka. Kogunan Haɗeja da Jama'are ne ke haifar da shi, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a jihar Kano, na sama ke riƙe da makulli, mu na ƙasa muna jira. A watan da BASIC ya fara aiki, Mayu 1964, shugabannin Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, kuma a 1990 Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan da suka haɗa, har da na Komadugu. Yaron da ya fahimci dalilin waɗannan yarjejeniyoyi ya riga ya fahimci rabin aikin babbar manhaja.

Daga ɗakin bincike zuwa aljihu

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie na ɗakin binciken Bell a Amurka suka fara rubuta Unix a kan wata tsohuwar ƙaramar kwamfuta da ba a cika amfani da ita ba. Jami'o'i sun same ta da araha haɗe da rubutun cikinta, ɗalibai suka yi ta karantawa suna koyo. Ƙasashenmu ma ba su yi barci ba a lokacin: a 1971 ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, har da Nijar, suka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta IAI mai mazauni a Libreville, wadda yanzu take da reshe a Yamai.

A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta tasa manhajar mai kama da Unix, ya sake ta kyauta a intanet. Ita ce Linux. A 2007 Ingo Molnár ya sabunta mai rabon layinta bisa ƙa'ida guda: a riƙa lissafin lokacin da kowane aiki ya samu, kullum a kira wanda rabonsa ya fi ƙaranci. A 2008 wayar Android ta farko ta fito, kuma a kan Linux aka gina ta.

Saboda haka abin da Corbató da Dijkstra suka tsara yana aiki yau a kasuwar Difa. Idan kira ya shigo waƙa ta tsaya, fifiko ne. Idan ka bar wata manhaja ka dawo ka tarar ta fara daga farko, ma'adana ce ta cika, Android ta rufe wadda ba ka kallo don ta ba wadda ke gabanka wuri, kamar yadda kwamfutar Apollo ta yi. Iyayen da suka san haka za su gane cewa waya mai ƙaramar ma'adana da aka cika da manhajoji dole ta yi nauyi, kuma cire waɗanda ba a amfani da su ya fi kai ta wurin mai gyara.

Abin da za a iya yi da alli

Tun shekarun 1990 wasu malamai, ciki har da Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand, suke tattara wasannin koyar da ilimin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba. Mu ma muna iya tsara namu. Ga ɗaya da ya dace da ajin ƙarshe na firamare ko farkon kwaleji.

A fito da yara uku su zama masu niƙa, na huɗu ya zama mai inji. Niƙan na farko minti 12 ne, na biyu minti 3, na uku minti 3. A fara da ƙa'idar wanda ya riga zuwa. Na farko bai jira ba, na biyu ya jira 12, na uku 15. Jimla 27, a raba uku, matsakaicin jira minti 9. A sake, a fara da masu ƙaramin niƙa: jira ya zama 0 da 3 da 6, jimla 9, matsakaici minti 3. A sake da karɓa-karɓa, kowa minti 3 a zagaye: na biyu ya jira 3, na uku 6, na farko kuma da aka dakatar ya jira 6 kafin ya ƙarasa, jimla 15, matsakaici minti 5.

Daga nan malami ya tambayi aji wace ƙa'ida ta fi. Yawanci za su zaɓi ta biyu. Sai ya sa wasu yara su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya da niƙan minti 3, ya bar mai minti 12 a tsaye har ya fara ƙorafi, sannan ya nemi ajin ya gyara dokar. In wani yaro ya ce a riƙa duba wanda ya fi daɗewa a tsaye, a rubuta sunansa a allo kusa da shekarar 1962 da ta 2007, a gaya masa su wa suka riga shi faɗa.

Iyaye a gida suna da nasu rabon. Inda waya ɗaya ce ga yara huɗu, a zauna da su su tsara dokar aro da kansu: minti nawa kowa, wa ke da fifiko ranar da jarrabawa ta matso, me za a yi wa wanda aka tsallake jiya. A sa su rubuta dokar layi-layi da lamba, da "idan" da "sai" da "a maimaita", a manna ta a bango, a bi ta mako ɗaya, sannan a sake zama a gyara inda ta gaza.